Sulhun da Ba Adalci Ba Ya Daɗewa

Hajiya, ki ɗan ajiye muciya ki matso kusa, yau zancenmu a kan Falasɗinu da Isra'ila ne.

Tushen rikicin nan ƙasa ce. A 1948, lokacin da aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu, wasu iyalan ma har yau suna riƙe da makullin gidan kakanninsu. A 1967 Isra'ila ta mamaye Gaza da Yammacin Kogin Jodan da gabashin birnin Ƙudus. Su ma Yahudawa sun zo da nasu tabon, don Hitler ya hallaka musu mutane kusan miliyan 6.

A 1993 Yasir Arafat da Yitzhak Rabin suka yi musabaha a kan yarjejeniyar Oslo. Sai dai manyan maganganun, wato Ƙudus da iyaka da makomar 'yan gudun hijira, duk aka ce sai gaba. Kin ga kamar a yi rigima kan gonar rake ta gado ne, dattawa su sa a gaisa, amma ba wanda ya je ya kafa iyaka. Damina na zuwa, ai rigima ta dawo.

To, me ya haɗa mu da su? A Janairun 2002 malaman Musulmi da na Kirista da na Yahudawa suka taru a Iskandariyya ta Masar, suka sa hannu cewa haramun ne zubar da jinin marar laifi da sunan Allah. Wannan takarda aka yi koyi da ita a nan Kaduna, bayan rikicin 2000 da ya ci rayuka masu yawa. Ranar 22 ga Agusta, 2002, shugabannin addini 22 suka sa hannu, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Cikin waɗanda suka tsaya a kai akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda aka kashe masa malami da 'yan'uwa a rikicin 1992, da Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa. Da abokan gaba ne.

Amma wata uku da sa hannun, Kaduna ta sake kamawa da wuta. Can ma jini bai tsaya ba: harin Hamas na Oktoba 2023 ya kashe kimanin mutum 1,200, yaƙin Gaza da ya biyo baya ya kashe dubun-dubatar Falasɗinawa, da yawansu mata da yara. Ashe sa hannun manya kaɗai ba ya isa, sai an maida wa mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma kowa ya kwanta ba tsoro.

'Yar'uwa, kada ki ce kina cikin kulle, ba ruwanki. Yaron da ke ɗaukar makami, a ɗaki ya fara jin wane ne maƙiyi. Ki koya masa ƙin zalunci ko wa ya yi shi, ki kuma nuna masa maƙwabcinsa Kirista ba shi ya yi laifin Gaza ba. In 'ya'yanki sun yi faɗa, kada ki tsaya a "ku yi haƙuri", ki tambayi wa aka cuta.

Allah Ya kawo wa waɗanda ake zalunta ɗauki, Ya zaunar da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.