Idan Allura Ta Kashe Saniya, Wa Ake Kai Wa Ƙara?

Tun da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona a Zamfara a watan Janairun 2025, maganar likitocin dabbobi ta sake tasowa. A Dosara da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara, da zarar saniya ta faɗi bayan allura sai ka ji an ce "likita ya kashe ta". Mai ita ya yi haƙuri ko a yi rigima, shi ke nan. Kaɗan ne suka san akwai hukumar da doka ta ɗora wa sauraren wannan koke.

Ita ce Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN, wadda ke aiki da dokar 1969. Ita ke riƙe da rajistar likitoci. Mai koke yakan rubuta mata, kwamitin bincike ya duba ko akwai abin tuhuma, in akwai a miƙa wa kwamitin ladabtarwa. Hukuncin na iya zama gargaɗi, dakatarwa, ko soke suna daga rajista. Diyyar saniya kuwa aikin kotu ce.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Wannan ladabtarwa kan wanda ke cikin rajista take hawa. Shi kuwa mai jaka da sirinji da ke zaga kasuwar Talata Mafara ranar Talata, yana sayar da maganin hanta da na sammore wanda rana ta gasa, sau da yawa bai taɓa shiga ajin likitanci a Zariya ko Sakkwato ba. Ba shi da sunan da za a soke. Laifinsa na sojan gona ne, na 'yan sanda da kotu, jabun maganinsa kuma na NAFDAC.

Yadda aka zo nan tarihi ne da muka yi watsi da shi. Wajen 1890 cutar bushiya ta share garken shanu daga gabashin Afirka har ƙasar Hausa, Fulani da dama suka wayi gari ba ko maraƙi. Yaƙi da ita ne ya sa aka kafa cibiyar bincike ta Vom a 1924, inda ake haɗa alluran rigakafi har yau. Dattawa na tuna malaman dabbobi na En'e da ke kafa sansani a daji, a yi wa shanu allura a yi musu shaida a kunne. A lokacin makiyayi na biyan jangali, yana kuma sanin ma'aikacin da ya taɓa dabbarsa da ofishin da zai kai shi ƙara. A 1962 aka fara babban gangamin allurar bushiya na haɗin gwiwa da Nijar, Chadi da Kamaru. Da aka yi sakaci, cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa, sai a 2011 duniya ta yi bankwana da ita. Ma'aikaci sananne mai amsa tambaya ne ya ci wannan yaƙi. Da ya janye daga karkara, ga kuma rashin tsaro ya rufe hanyoyi, sai 'yan buga-buga suka gaje wurin.

Ina ganin rashin adalci ne a ce makiyayin da ke shayar da garkensa a bakin dam ɗin Bakolori sai ya rubuta takarda da Turanci zuwa Abuja kafin a ji kukansa. Me zai hana gwamnatin Zamfara da VCN su buɗe teburin koke a ofishin dabbobi na kowace ƙaramar hukuma, a karɓa da baki, da Hausa da Fulfulde, a kuma liƙa sunayen likitoci masu rajista a kara?

Ku kuma masu dabbobi, ku tambayi mai allura shaidarsa kafin ya taɓa muku dukiya. Ku adana kwalbar maganin, ku riƙe ranar da shaidu. Dabbar da ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci, kada a feɗe ta, kada a ci, a kira jami'i, domin wataƙila ciwon saifa ne. Likitocin kirki su daina rufa wa baragurbi asiri, domin sunansu ne ke ɓaci.