Abin da Haɗarin Mota Kan Bar wa Direba

Jama'a, idan haɗari ya auku a hanya, mamata ake ƙidayawa. Direban gingimari ko na bas da ya tsira kuwa, sai a ce ya auna arziki, a manta da shi, alhali ran nan wahalarsa ke somawa.

Da fari akwai laka, wadda ke cikin ƙashin baya. In ta tsinke ba ta komawa: ƙafafu su shanye, fitsari ya ƙi riƙuwa, doguwar kwanciya ta haifar da gyambo. Na biyu karaya. Idan maɗori ya tsananta ɗauri, jini kan daina gudana, gaɓa ta ruɓe har a yanke ta. Saboda haka ya kamata a fara da asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala da aka kafa a Kano a 1959. Na uku buguwar ƙwaƙwalwa, wadda kan jawo mantuwa, ko farfaɗiya bayan watanni ko shekaru. Na huɗu firgita: mugun mafarki, rashin barci da tsoron sitiyari.

Kowane ɗaya daga cikinsu na iya raba direba da sana'arsa, iyali su rasa mai ciyar da su. Wajibi ne masu motoci da ƙungiyoyin direbobi su ɗauki nauyin jinyarsa har ƙarshe.