Gidan Haya A Dubai: Kuɗin Da Ke Jiran Mutum Bayan An Ba Shi Makulli

Cikin 'yan shekarun nan tallar gidajen Dubai ta shigo mana har cikin aljihu. Dillalai suna shirya taro a manyan otal-otal na Abuja da Legas, suna kuma aiko da hotuna ta WhatsApp: ga dogon bene, ga tafkin wanka, ga alkawarin cewa kuɗin haya zai riƙa shigowa da kuɗin waje kowace shekara. A dā 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya a unguwar Deira ne suka san birnin. Yanzu kuwa ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, da gwauruwar da aka ba ta haƙƙin mijinta, da ƙungiyoyin adashi, duk ana zawarcinsu. Ba mu ce sayen gida a can laifi ne ba, gama tun shekarar 2002 hukumar Dubai ta buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gida a wasu unguwanni da ta keɓe. Abin da muke so mu duba shi ne lissafin da ba ya cikin takardar talla, watau abin da mutum zai kashe daga ranar da aka miƙa masa makulli zuwa ranar da ɗan haya na fari zai biya shi.

Bari mu ɗauki misali, mu ce fulat ne mai ɗaki ɗaya da falo, faɗinsa murabba'in ƙafa 750, kuɗinsa dirhami miliyan ɗaya. Kafin a yi maganar gado ko kujera, ofishin filaye na Dubai yana karɓar kashi 4 cikin 100 na kuɗin gidan domin rajista, dirhami 40,000 ke nan, kuma bisa ga al'adar kasuwar mai saye ne yake ɗaukar nauyinsa. Hukumar ruwa da lantarki, wadda ake kira DEWA, tana karɓar ajiyar dirhami 2,000 kafin ta haɗa wa fulat wuta. Yawancin sababbin benaye kuma ba su da iyakwandishan irin namu da ake maƙalawa a bango. Daga wata masana'anta ake turo ruwan sanyi ta bututu zuwa dukan unguwa, kamfanin da ke wannan aiki kuwa yana da tasa ajiyar da nasa kuɗin wata dabam.

Sa'an nan mu shiga cikin gidan. Sabon fulat a Dubai ba kango ba ne. Yakan zo da tayil a ƙasa, da fenti, da banɗaki cikakke, da kabad na kicin, sau da yawa har da wurin rataye tufafi da aka gina a jikin bango. A wannan fanni ya fi na ƙasar Jamus, inda mutum yakan kama gida ya tarar da kicin ba kome sai bakin famfo. Amma wannan kyau na ido shi ne yake ruɗin mai saye, ya ɗauka aiki ya ƙare. In ba an rubuta a cikin yarjejeniya ba, firji da murhun girki da injin wanki duk suna wuyansa. Labule ma ba ƙaramin abu ba ne a can, domin tagogin gilashi ne daga ƙasa har rufi, ranar kuwa ba ta da sauƙi, sai an auna an ɗinka mai kauri. Ga gado da katifa, ga kujerun falo, ga teburin cin abinci, ga talabijin, ga fitilu. A kan kowanne akwai harajin saye na kashi 5 cikin 100 da aka fara karɓa a watan Janairu na 2018, ban da ladan kawowa da na masu haɗawa. Masu kula da benen ma ba za su bar mota ta sauke kaya ba sai an nemi takardar izini an kuma kama lokacin amfani da lif.

Wuraren saye suna da yawa. Akwai IKEA a Festival City, akwai kasuwar Dragon Mart ta kayan Sin mai rahusa, akwai kuma kayan hannu da masu barin ƙasar suke sayarwa a dubizzle. Wani zai ce me zai hana a sa kafintanmu na gida ya yi gado da kujeru a tura? Kafintocinmu sun iya aiki, soket ɗin wutar can ma iri ɗaya ne da namu mai ƙafa uku, amma kuɗin jirgi da na kwastan sukan cinye ribar tun kaya ba su sauka ba.

Kafin a shigar da ko da kujera ɗaya, wajibi ne a sa gwani ya bi gidan lungu-lungu ya rubuta duk aibin da ya gani: famfo mai ɗiga, ƙofar da ba ta rufuwa, tayil mai ƙara in an taka. Dokar Dubai ta ɗora wa maginin alhakin gyaran kayan wuta da na ruwa har shekara ɗaya, na ƙashin ginin kuwa shekara goma. Wanda ya yi sakaci ya cika ɗaki da kaya, daga baya ya ga bango yana tsatsafo, zai sha jayayya a kan ko wane ne ya jawo ɓarnar.

To, a nan ne babbar tambaya take, wadda a ganinmu ita ce ya kamata a fara amsawa tun kafin a sa hannu a takarda: wane irin ɗan haya ake nema? Mai haya na shekara sau da yawa yana da nasa kayan, yakan biya da cek ɗaya ko biyu ko huɗu, ya buɗe asusun wuta da sunansa, a yi wa yarjejeniyar rajista a tsarin da ake kira Ejari. Ga irin wannan, labule da firji da murhu sun isa. Wanda kuwa yake son hayar kwana-kwana ga masu yawon buɗe ido, ya sani ƙaramin otal ya buɗe. Sai ya sami lasisi daga ma'aikatar tattalin arziki da yawon buɗe ido, ya tanadi kome har cokali da tawul da zanen gado na canji, ya biya wuta da ruwa da intanet da mai shara daga aljihunsa, ya kuma karɓar wa hukuma dirhami 10 ko 15 a kan kowane ɗaki kowane dare. Kamfanin da zai kula masa da baƙi yakan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya shigo. Daga watan Yuni zuwa Satumba kuma zafi yana haura digiri 40, baƙi su ragu, gado yana nan a shimfiɗe ba mai kwana. Sauya ra'ayi a tsakiya ma da wuya, domin in ɗan haya na shekara ya shiga, mai gidan da yake so ya sayar ko ya zauna da kansa sai ya ba shi sanarwar wata 12 a hukumance.

Yanzu mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Waɗannan alƙaluma namu ne na misali, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce kayan ɗaki sun ci dirhami 35,000, a ce kuma saboda kayan an sami ƙarin dirhami 8,000 a kan hayar shekara. Sai an haura shekara huɗu kafin kuɗin kayan ya dawo. A lokacin kuwa katifa ta lotsa, kujera ta yi dauɗa, injin wanki ya fara ciwo, gama ɗan haya ba ya riƙon kaya kamar mai su. Gini yana iya ƙara daraja, amma kujera daga ranar da ta bar kanti take raguwa. Ajiyar da akan karɓa daga ɗan haya a gida mai kaya, kashi 10 cikin 100 na hayar shekara, ba za ta sake sayen falo ba. A gefe guda kuma akwai kuɗin hidimar bene, na masu gadi da lif da tafki da shara, wanda ake lissafawa bisa faɗin gida. In dirhami 15 ne a kan kowace murabba'in ƙafa, fulat ɗin misalinmu zai biya dirhami 11,250 kowace shekara, ko da mutum a ciki ko babu. Inshorar kaya ma tana da muhimmanci: ruwan saman da aka yi a watan Afrilu na 2024, wanda ba a ga irinsa ba cikin shekara 75, ya shiga gidaje da yawa a birnin.

Abin da ya fi cizon mutumin Nijeriya shi ne canji. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67, saboda haka duk faɗuwar naira a gaban dala faɗuwa ce a gaban dirhami. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, a cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Kayan ɗakin dirhami 35,000 da za su ci naira miliyan bakwai da 'yan kai sun koma sama da miliyan goma sha huɗu, alhali kujerun ba su ƙaru ko da ɗaya ba. Yawancin gidajen da ake talla kuwa tun ba a gama gininsu ba ake sayar da su, ana biya kashi-kashi har shekara biyu ko uku. Watau kuɗin kayan ɗaki yana zuwa ne a ƙarshe, sa'ad da kashin ƙarshe ya riga ya kwashe abin da ke hannu. Gidan da aka biya amma aka kasa shirya shi, kuɗin hidima kawai yake ci.

Akwai kuma maganar wanda zai tsaya a kan aikin. A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, ba a sake buɗewa ba sai a watan Yuli na 2024, jiragen Emirates kuma ba su dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba na 2024. Wanda aka gama masa gida a tsakanin nan ba shi da halin zuwa ya karɓi makulli da hannunsa. Dole ya wakilta wani da takardar wakilci wadda hukumomi suka buga wa hatimi, wannan ma da kuɗinta. Wakilin shi ne zai zaɓi katifa, shi zai ce ga abin da labule ya ci. In kamfani ne ya ce zai shirya gidan gaba ɗaya a kan kuɗi guda, a nemi ya rubuto kayan ɗaya bayan ɗaya, da sunan kamfanin da ya ƙera kowanne, da farashinsa, da takardar garanti. Wannan jerin, tare da hotunan kowane ɗaki, shi ne ɗan haya zai sa wa hannu ranar shiga, shi ne kuma za a buɗe ranar da zai fita.