Buwat Otomatik a Rairayin Arewa: A Duba Kafin a Kwance

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga direbobi da yaran mota da makanikai na Dogondutsi da Matankari da Kore Mairuwa da Tibiri. Shirinmu na yau a kan motocin a-kori-kura ne masu sauya giya da kansu, waɗanda a gareji muke ce wa masu buwat otomatik.

Da can Hilux mai kulochi muka sani. Yanzu kuwa motocin hannu da ke shigowa daga tashoshin ruwan Kwatano da Lome sun kawo mana Hilux otomatik da Tacoma da Tundra na Amurka, kuma da yawansu sun ci dubban kilomita kafin su iso. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun motocin Oldsmobile na 1940 kamfanin General Motors ya fito da ita kasuwa. A wajenmu ne take baƙuwa, shi ya sa da mota ta yi gardama sai ka ji an yanke hukunci nan take: “Buwat ta mutu, sai a sayo wata.” Mai mota ya sayar da bijimi, a aika Yamai ko Ƙonni, alhali wataƙila lita biyu na mai ko waya guda da ɓera ya ci ne duk matsalar.

Mu fara da yadda abin yake aiki. A motar otomatik, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa taya. Tsakanin inji da buwat akwai wani ƙarfe kewayayye cike da mai, makanikai na kiransa kwambata. Fanka ɗaya a ciki tana watsa man, ɗayar tana karɓa tana juyawa. Wannan man dai shi ke matse faifan kulochin da ke cikin buwat idan za a sauya giya, shi ke hana ƙarafa cin juna, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto. In ya ragu, ko ya ƙone, ko aka zuba wanda ba nasa ba, duk ayyukan nan tare suke lalacewa.

To, ku dubi ƙasarmu. Kan kwalta, daga Doso zuwa Dogondutsi (Dutsi) zuwa Ƙonni, buwat ba ta shan wahala. Amma ka sauka ka nufi Bagaji ko Dogonkiriya ko Sukukutan, ko ka bi ta kudu zuwa Dumega da Gesheme, rairayin Dallol Mawuri ne zai tarbe ka. Ga buhunan gero da wake, ko dankalin turawa na lambunan Dutsi, an lafta har bayan mota ya zauna, ga fasinja a sama, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Direba ya bar mota a D, ya taka totur iya ƙarfinsa, inji na ihu, mota na jan ciki. A wannan lokaci ƙarfin da bai kai ga taya ba zafi yake zama a cikin kwambata. Man da ya kamata ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 90 sai ya wuce 120, ya fara ƙonewa, robobin ciki su bushe, faifan kulochi su soma zamewa. Ni a ganina, zafi ya fi tsufa kashe buwat a Arewa.

Maganin yana hannun direba. Kafin ka shiga rairayi mai zurfi, tsaya ka sa 4L, ka mai da giya L ko 2, ka ɗan rage iskar taya. In mota ta kafe, kada ka riƙa wurga ta daga D zuwa R taya na juyawa; a sauka a haƙa, a shimfiɗa itace, a rage kaya. In fitilar zafin mai ta kama a gabanka, wadda aka rubuta A/T OIL TEMP, ka tsaya, ka sa P, ka bar inji na aiki a hankali har fitilar ta mutu.

(Kiɗa)

Masu saurare, yanzu sai mu shiga gareji. Mota ta zo, mai ita ya ce tana jinkirin kama giya da safe, ko tana buga ƙarfe in za ta sauya, ko inji na tashi amma gudu ba ya ƙaruwa. Kafin a taɓa sufana, a dubi mai. A tsai da mota a wuri madaidaici, inji ya yi zafi kuma yana aiki, a taka birki a bi giya ɗaya bayan ɗaya, a dawo P. A zaro sandar awo, a shafa a farin ƙyalle, a kai hanci. Mai lafiyayye ja ne garau, kana hango zaren ƙyallen ta cikinsa. Wanda ya yi duhu ya gaji, a canja shi. Wanda ya yi baƙi yana ƙauri, faifai sun riga sun fara ci. In kuwa ka gan shi fari-fari mai kauri kamar kunu, ruwa ya shiga, ko dai lagireto ya fashe ta ciki, ko an ratsa korama a Agusta buwat ta shaƙi ruwa ta bututun numfashinta. Irin wannan mota kada ta ƙara taku ɗaya.

Wasu motocin, kamar Tacoma mai giya biyar ta 2005 zuwa 2015, ba su da sandar awo sam. Ta ƙasa ake auna su, a wani ƙaramin noti, kuma sai mai ya kai zafin da kamfani ya ƙayyade. Wanda ya yi awon da ka, ko ya rage ko ya cika fiye da kima, kuma man da ya yi yawa kumfa yake yi.

Bayan mai sai wuta. Buwat ta zamani kwamfuta ke ba ta umarni. In sensa guda ta daina magana, ko batir ya yi sanyi, ko soket ya cika da laka, sai kwamfutar ta kulle mota a giya ɗaya don ta kare ta. Direba ya ga mota ta yi nauyi, ya ɗauka ƙarfe ne ya karye. Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin bincike a ƙarƙashin sitiyari. A jona na'ura, lambobin da suka fara da P07 za su nuna inda za a nema. Kuɗin wannan binciken bai kai kuɗin sauke buwat ba, balle sayen wata.

Sai an wuce waɗannan ne za a kwance kaskon ƙasa. Akwai maganaɗisu a cikinsa. Laushin baƙin gari a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma in ka murza ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa, to aiki ya kai na buɗewa. A nan ina roƙon iyayen gidanmu makanikai: buwat otomatik ba a buɗe ta a ƙasa cikin iska da ƙura. Hanyoyin man da ke cikinta sirara ne ƙwarai, ƙwayar rairayi guda tana iya maƙale bawul. A samu ɗaki, a samu tebur mai tsabta. Wanda kuma bai koyi aikin ba, faɗin gaskiya ba ya rage masa daraja. Ya tura mai mota inda aka iya.

Batun mai kuma, ja ba duka ɗaya ba ne. Tsofaffin Toyota Dexron suke sha, na bayansu T-IV, na baya-bayan nan WS. Ana rubuta irin man a jikin sandar awo ko a littafin mota. Man da ake aunawa a buɗaɗɗiyar jarka bakin hanya, ba wanda zai iya rantse maka da abin da ke ciki. Ku sani kuma, in an kwance notin ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zuba, akasarin saura na cikin kwambata. Ina ba da shawara, motar da ke dakon kaya a rairayi kada ta wuce kilomita 50,000 ba a canja mata mai da filta ba.

Abu biyu na ƙarshe, ga yaran mota musamman. Motar otomatik ba ta tashi da turi, kada ku wahalar da kanku. In kuma ta mutu a daji za a ja ta zuwa gari, a cire farfela tukuna, domin famfon mai ba ya aiki in inji na kashe, buwat za ta yi ta juyawa a bushe.

Direbobi, gobe da safe kafin a yi lodi, ku nemi farin ƙyalle ku duba man buwat ɗinku. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)