Kafin ka sayi hannun birki da giya mai araha don keken tsere

Duk mai keken tsere, irin mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, ya san abin da ya fi jin jiki idan aka faɗi, wato hannun nan da ke kan keken, wanda shi ne ke kama birki kuma shi ne ke sauya giya. Kamfanin Shimano na Japan ne ya fara haɗa ayyukan biyu a hannu ɗaya a 1990, Campagnolo na Italiya ya biyo baya a 1992, SRAM na Amurka kuma ya shigo da nasa a 2006. A cikin wannan hannu akwai ƙananan haƙora da sifirin masu laushi, kuma idan suka karye ko suka cinye ba kasafai ake samun gyara ba, sai dai sauyi. Ga wanda ya sayi kekensa na hannu, kuɗin sabon hannu na asali na iya kusantar abin da ya biya na keken gaba ɗaya.

Shi ya sa mutane ke komawa ga kayan wasu kamfanoni masu sauƙin farashi, irin su microSHIFT na Taiwan da Sensah da L-TWOO na ƙasar Sin. Babu laifi a wannan. Da yawa daga cikin kayan nan suna aiki lafiya, kuma sun tayar da kekunan da aka jingine. Matsalar tana ga yadda ake saye. Mutum zai ƙirga farantan bayan kekensa ya ga goma, ya ga an rubuta giya goma a jikin kwali, ya biya kuɗi. Sai an ɗaura sannan sarƙa ta fara kuka tana tsalle, ko kuma, abin da ya fi muni, birki ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Yawan giya sharaɗi ɗaya ne kawai cikin sharuɗɗa. Babban sharaɗin shi ne tsawon wayar da hannun ke ja.

Yadda giya ke aiki

Abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin sarƙa ta tashi daga faranti ta sauka daidai a kan na kusa da shi. Na farko hannun, wanda duk dannawa ɗaya ke jan waya gwargwadon wani tsawo da aka ƙayyade masa tun daga masana'anta. Na biyu masauyin baya, wato na'urar da ke rataye kusa da tayar baya tana tura sarƙa, wadda ke ninka wannan ja da wani adadi nata na kanta. Na uku tazarar da ke tsakanin farantan. Idan aka ninka jan hannun da ninkin masauyin, dole sakamakon ya yi daidai da tazarar farantai. Tamkar mai hawa tsani ne: in takunsa bai dace da tazarar matakai ba, a mataki na farko zai ɗan kauce, a na biyar kuwa ƙafarsa iska za ta taka.

Ga lissafin a kayan Shimano. Hannu mai giya 8 yana jan kimanin milimita 2.8, masauyin ya ninka da kusan 1.7, sai a samu kusan milimita 4.8, wadda ita ce tazarar farantai takwas. Mai giya 9 yana jan kimanin 2.5 don tazarar 4.35. Tsohon mai giya 10 yana jan kimanin 2.3 don tazarar 3.95. Wannan ninki na 1.7 ya daɗe ana amfani da shi, shi ya sa mai keke ɗauke da Claris mai giya 8 ko Sora mai giya 9 yake cikin sauƙi. Hannun R8 da R9 na microSHIFT, da Reflex da Ignite na Sensah, duk an yi su ne a kan wannan ma'auni. Har masauyin baya na keken hawan dutse na Shimano mai giya 9 zuwa ƙasa yana karɓar wannan ja, abin da ke taimakon mai son manyan farantai don hawan tudu.

Inda aka fi faɗawa

Giya goma ita ce babban tarko. Tiagra 4600 da 105 mai lamba 5700 suna kan tsohon ninki na 1.7. Amma da Shimano ya fitar da Tiagra 4700 a 2015, sai ya mayar da shi kan ninkin kayansa masu giya 11, wato kusan 1.4, alhali farantan suna nan goma. Suna ɗaya, yawan giya ɗaya, jan waya daban. Idan aka haɗa hannu mai tsohon ja da masauyin 4700, kowace dannawa za ta tura sarƙa kusan milimita 3.2 maimakon 3.95. Kafin a danna sau shida an yi asarar faranti guda cur. Mai gyara zai yi ta murɗa maɓallin daidaita waya, ya gyara giyar sama ta ƙasa ta lalace, ya gyara ta ƙasa ta sama ta lalace. Ba gazawarsa ba ce, domin babu murɗin da zai sauya lissafin da aka sassaƙa a cikin ƙarfe. Saboda haka duk hannu mai giya 10 da aka ce yana tafiya da Shimano, a tambaya: da wane, tsoho ko 4700?

Tarko na biyu shi ne ɗaukar cewa duk kayan kamfani ɗaya ma'auninsu ɗaya ne. A wurin microSHIFT, jerin Advent da Advent X da Sword suna da nasu jan na daban, ba sa aiki da masauyin Shimano, sai da nasu. A wurin Sensah, Empire mai giya 11 ya bi tsarin jan SRAM, Team Pro kuma ya bi na Shimano. SRAM kansa yana jan kimanin milimita 3.1 a giya goma da ninki kusan 1.3, don haka hannunsa da masauyin Shimano ba sa shan inuwa ɗaya. Campagnolo ma yana da nasa ma'auni. Haka nan masauyin keken dutse na Shimano daga giya 10 zuwa sama, da sabon jerin CUES da ya fito a 2023, duk sun bar tsohon ninki.

Kada a manta da hannun hagu, mai kula da manyan farantan da ke wurin feda. Wanda aka yi don faranti biyu ba zai kai ga na uku ba, komai dabara. Masauyin gaba na keken dutse yana buƙatar jan waya daban da na keken tsere, kuma a cikin kayan tsere ma, na Tiagra 4700 da na masu giya 11 sun bambanta da tsofaffi. Wanda ya duba hannun dama kaɗai ya yi rabin bincike ne.

Birki, inda rai yake

Giyar da ba ta zauna ba tana ɓata rai ne kawai. Birkin da bai dace ba kuwa yana iya kai mutum asibiti ko ƙasa. Birkin waya iri biyu ne ta fuskar ja. Akwai mai buƙatar gajeren ja, wato birkin keken tsere na gargajiya da ke rungume da taya daga sama, da birkin faifai da aka yi musamman don keken tsere. Akwai kuma mai buƙatar dogon ja, kusan ninki biyu, wato birkin nan mai dogayen hannuwa biyu a tsaye da ake kira V, wanda Shimano ya yaɗa a 1996, da birkin faifai na keken dutse. Hannun birki da giya na keken tsere, na asali da mai araha, kusan dukkansu masu gajeren ja ne.

Idan aka haɗa irin wannan hannu da birkin V, hannun zai iya kaiwa jikin kan keke kafin roba ta matse taya da kyau. Mai gyara kan matso da robar dab da rim don rufe giɓin, sai ta riƙa goga, kuma da ta ɗan cinye birkin ya tafi. A shimfiɗaɗɗen fili ba a gane haɗarin, sai ranar da aka zo gangara ko babur ya gitta. Wannan ya fi shafar masu mayar da keke mai miƙaƙƙen kai zuwa lanƙwasasshe. Su sani kuma cewa kaurin bututun ma ya bambanta: wurin ɗaura hannu a miƙaƙƙen kai milimita 22.2 ne, a lanƙwasasshe 23.8. Birkin faifai mai waya shi ne ya fi ruɗarwa, domin a ido duk kama ɗaya suke. Avid BB7, alal misali, ana yin sa iri biyu, na tsere da na dutse, haka TRP yana da Spyre don tsere da Spyke don dutse. Sai an karanta rubutun da ke jikinsa.

Ko a cikin masu gajeren ja akwai ɗan bambanci. Tun daga Dura-Ace 7900 na 2008 Shimano ya ƙara yawan wayar da hannuwansa ke ja. Haɗa tsoho da sabo yakan yi aiki, amma birkin kan zo ko dai da laushi ko da tauri marar ƙarfi, don haka a gwada shi sosai kafin a hau titi. Birki mai amfani da mai kuwa babu wasa a cikinsa. Shimano man ma'adinai yake amfani da shi, kayan tseren SRAM kuma man DOT, irin na birkin mota. Zuba wani a madadin wani yana kumbura robobin ciki ya lalata su. Hannun waya kuma ba ya tuƙa birkin da ke karɓar bututun mai kai tsaye.

Akwai wani kuskure ƙarami a ido amma mai haɗari, shi ne sa rigar wayar giya a wurin birki. Rigar giya, mai kaurin milimita 4, an jera wayoyin cikinta ne a miƙe, kuma tana iya fashewa idan aka matse birki da ƙarfi. Rigar birki mai milimita 5 ce, ƙarfen cikinta a nannaɗe yake don ya jure matsi. Ita kanta wayar birki ta fi ta giya kauri, kuma kan wayar birkin tsere ya bambanta da na keken dutse.

Abin da ya kamata a yi

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a fitar da ko sisi, a juya keke a karanta lambobin da aka buga a jikin kayan. A kayan Shimano, lambar masauyin baya tana farawa da RD, ta gaba da FD, ta birki da BR, ta hannu kuma da ST, ita tana ƙarƙashin robar da tafin hannu ke hawa. A ƙirga farantan baya da na gaba. A duba irin birkin. Sannan a nemi bayanin da kamfanin da ya ƙera sabon hannun ya bayar game da lambobin da yake tafiya da su, kada a dogara da kalma ɗaya a jikin talla. In mai sayarwa ya kasa faɗin ma'aunin da kayansa ya bi, a bar masa abinsa.

Idan shakka ta yi yawa, hanya mafi aminci ita ce a sayi hannun tare da masauyinsa na gaba da na baya daga jeri ɗaya, domin an yi su ne don juna, kuma jimillar kuɗinsu sau da yawa ba ta kai ta hannun asali kaɗai ba. Wanda aljihunsa bai kai nan ba yana da wata mafita da ta tsufa amma ba ta mutu ba: hannun birki zalla, tare da ɗan sandan giya marar ƙas-ƙas da ake ɗaurawa a jikin firam ko a ƙarshen kan keke. A irin wannan sanda hannun mahayi ne ke auna ja, don haka yana tafiya da kusan kowane masauyi. Tektro ma yana yin hannun birki zalla mai dogon ja, RL520, don masu birkin V.

A ranar ɗaurawa a sauya waya da rigarta da sababbi. Ƙurar hunturu tana shiga riga ta sa waya nauyi, har a zargi sabon hannu da laifin da ba nasa ba. Bayan an gama, a tsaya a gefen keke a matse kowane birki da dukkan ƙarfi. Idan hannun ya taɓa kan keke, kada a hau sai an gano dalili.

Kira na musamman ga masu gyara da masu sayar da kayan keke: ku ne idon mai saye, kuma yawancin matasan da ke zuwa wurinku ba su san waɗannan lambobi ba. Ku tambaye su abin da ke jikin kekensu kafin ku miƙa musu kaya, kuma ku faɗa musu gaskiya idan haɗin ba zai yiwu ba, ko da ciniki zai wuce. Kai kuma mai keke, ka riƙe lambar masauyinka da irin birkinka a wayarka kafin ka shiga kasuwa, kuma kada ka yarda ka hau titi da birkin da ba ka gwada ba.