Koyar da Ƙananan Yara Sarrafa Ƙwallo ta Hanyar Wasanni

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan lokacin darasin motsa jiki ya yi a makarantun firamare, malami kan jefa wa yara ƙwallo ɗaya, ya raba su gida biyu, sannan ya koma inuwa. A irin wannan hali ƙarfafa kaɗan ne ke mamaye ƙwallon, sauran kuwa har a kaɗa ƙararrawa ba su taɓa shi ba. Yaron da aka saba bari a baya yakan ɗauka cewa shi ba ɗan wasa ba ne, ya janye jikinsa ke nan. A nan za a duba yadda ake koyar da sarrafa ƙwallo daki-daki, ta yadda kowane yaro zai sami rabonsa.

2.0 Matakan Koyarwa

Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi. Don haka akan fara da garawa, wato yara su zauna bibbiyu suna gara wa juna ƙwallo a ƙasa, domin ido ya saba da bin abu mai tafiya. Daga nan sai jifa, sannan cafewa, wadda ta fi jifa wuya. Ƙaramin yaro yakan runtse ido ko ya kau da kai idan ƙwallo ya nufo shi, kuma da ƙirji yake rungumarsa kafin ya iya kama shi da tafin hannu. Bugu da ƙafa kuwa akan fara shi da ƙwallon da ke ajiye, kafin a kai ga wanda ke gudu.

Wajibi ne a lura da nauyin ƙwallo. Mai lamba 5, wanda manya ke bugawa, yana da nauyin giram 410 zuwa 450, ya yi wa yara nauyi. Mai lamba 3 ko na roba ko na tsumma ya fi dacewa. Haka kuma a guji sa su bugu da ka. A shekarar 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana hakan ga yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, don kare ƙwaƙwalwarsu.

3.0 Wasannin da Suka Dace

Malami zai iya jera gwangwanayen madara, yara su riƙa kayar da su da jifa, ana ƙara tazara sannu a hankali. Zai iya kuma tsayar da su a da'ira, mai riƙe da ƙwallo ya ambaci sunan wani kafin ya jefa masa. Wasan gargajiya na carafke, wanda 'yan mata ke yi da tsakuwa, shi ma horo ne na haɗa ido da hannu. Abin lura shi ne a raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace da nata ƙwallon, kuma kada a fitar da wanda ya kuskure, domin shi ya fi kowa buƙatar maimaici.

4.0 Harshen Umarni

Umarni ga yara gajere ake yin sa, kuma Hausa ta sauƙaƙa wannan. Ɗafin -o a ƙarshen aikatau yana nuna aikin ya nufo mai magana, alal misali gara da garo, jefa da jefo, buga da bugo. Da kalma ɗaya yaro zai gane inda ƙwallo zai dosa. Amsa-kama irin su caraf da cak su ma suna taimakawa, kamar a ce "cafe shi caraf" ko "tsayar da shi cak". Sai dai malami ya fara gwada aikin da kansa kafin ya ba da umarni.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, ana auna nasarar darasi ne da yawan taɓa ƙwallon da kowane yaro ya yi. Gasa tsakanin ƙungiyoyi sai ta jira har yara sun iya garawa da jifa da cafewa da bugu.