Labarin Zuciya A Tambayi Fuska, Amma Wa Ke Duban Fuskar Wa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Keffi ranar Salla ya ga wani abu wanda ido ya saba da shi har ya daina kula. Sarki yana zaune, amawali ya rufe masa baki da haɓa, ba a ganin murmushinsa balle ɓacin ransa. Talaka ya tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa, fadawa ne ke amsa masa. Amma duk da rufin nan, bafaden da ya kwana biyu a fada yakan gane daga ido kawai ko yau ranar kai kuka ce ko kuwa ranar haƙuri. Shi kuwa babba, da wuya ya san yadda fuskar mai riƙe masa linzami ta kwana.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, masana ƙwaƙwalwa sun gano cewa ba kowa ne ke yin tambayar nan daidai da kowa ba. Matsayin mutum cikin jama'a shi ke nuna yawan aikin da ƙwaƙwalwarsa za ta yi a kan fuskar wani.

Cikin shekarar 2012 wata masaniya mai suna Keely Muscatell da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka sa matasa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu hotunan fuskokin mutane masu fushi. Sai aka ga 'ya'yan marasa ƙarfi sun fi 'ya'yan masu hali motsi a wurare biyu. Na farko wani ɗan yanki ne can ciki, bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, ana ce masa amigidala, wato mai gadin jiki, shi ke buga ƙararrawa in ya hangi haɗari. Na biyu yana bayan goshi, shi ne wurin da mutum ke auna abin da wani ke saƙawa a ransa.

Cikin 2015 kuma Michael Varnum na wata jami'a a jihar Arizona ya auna wutar ƙwaƙwalwar mutane suna kallon fuskokin masu jin zafi. Ƙwaƙwalwar masu hali ba ta zabura kamar ta na ƙasa da su ba. Abin dariya, da aka tambaye su da baki, su ne suka fi cewa suna da tausayi.

Kada mai karatu ya ɗauka a jini abin yake. Cikin 2010 Michael Kraus da Dacher Keltner da wani abokin aikinsu sun sa mutane su kwatanta kansu da manyan attajirai, waɗansu kuma da matalauta, sa'an nan aka ba su hotunan idanu su faɗi abin da mai idon ke ji. Waɗanda aka sa suka ji su ne a ƙasa, nan take suka fi cin jarrabawar. Ashe gurbin da mutum ya sami kansa ne ke buɗe masa ido ko ya rufe.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga 'yan'uwa mazauna Kurmi. Mutum ya baro Keffi ko Lafiya yana magidanci, in ya yi gyaran murya gida ya yi tsit. Ya sauka Ikko ya kama aikin gadi a Ikoyi, ko ya zama yaron wani mai gida a Sabon Badun ko karar shanu ta Agege. Ba ya jin Yarbanci, Turancin ma kame-kame ne, sai ya koma karatun fuska. Kafin wata uku ya san daga yadda aka rufe ƙofar mota ko yau za a iya maganar albashi. Wannan basira ce, da ita ake cin abinci, amma tana da tsada, gama mai gadin nan na cikin kai in ya daɗe bai runtsa ba, jiki ne ke biya, da rashin barci da hawan jini. Kuma wanda ya saba jiran fushi yakan gan shi har inda babu. Shi ma ɗan ci-ranin, ranar da ya koma gida da guzuri ya zama shi ne babba, wa ya sani ko zai lura da fuskar matar da ya bari shekara guda?

Akasarin gwajin nan a kan Amurkawa aka yi shi, kuma magana ce ta galibi, ana samun attajiri mai lura da talaka mai gafala.

Garin Keffi ya taɓa ganin abin da ke faruwa in manya biyu sun haɗu kowa yana jiran a dubi tasa fuskar. Ran 3 ga Oktoba 1902 Razdan Kyaftin Moloney ya zo fada ya aika a kira Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda shi ne wakilin Sarkin Zazzau a garin. Razdan yana ganin shi ne hukuma, Magaji yana ganin ba baƙon da ya isa ya kira shi a garin da yake riƙe. Ba mai jin harshen wani, sai ta bakin tafinta Audu Timtim, wanda masu tarihi da yawa ke zargi da juya magana. Magaji ya fito bisa doki ya kashe Razdan, ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girma. Gwamna Lugga ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi, aka ci birnin cikin Fabrairu 1903. Shi kuwa Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, ya rasu a yaƙin Burmi cikin wannan shekara. Har yau akwai dutse a Keffi da ake kira da sunan Moloney.